SARAUNIYA MANGU TA LUGU

Akwai wani ƙaramin gari arewa maso gabas da Dogon Dutsi, cikin ƙasar Arewa, sunansa Lugu. Baƙo yana iya wucewa ta wurin bai san ya taka wuri mai tarihi ba. Amma a nan ne, ran 16 ga Afrilu, 1899, manoma masu baka da kibiya suka tare rundunar Faransa wadda ta taso daga bakin Kwara za ta Tafkin Cadi. Mace ce ta sa suka tsaya. Sunanta Mangu, sarautarta kuwa Sarauniya.

Mai karatu, wataƙila ka taɓa jin sunanta a makaranta ko a rediyo. Ga labarinta, da labarin manyan al'amuran duniya waɗanda suka zo suka iske ta har ƙofar ɗakinta.

ƘASAR DA TA TASHI A CIKI

Ƙasar Arewa tana cikin kwarin da a ke kira Dallol Mawri. Tsohuwar hanyar ruwa ce wadda ta ƙafe tun zamanin da. Ta gangaro daga arewa, ta bi ta Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri, ta nufi Kwara wajen Gaya. Ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin ƙasa cikin kwarin, saboda haka mutane suka zauna, suka haƙa rijiyoyi, suka yi noman gero. Zabarmawa suna ce da su Mawri, su kuwa Hausa su ke ji.

Bisa ga tarihin da dattawa su ke bayarwa, mutanen Arewa kashi biyu ne. Na fari su ne Gubawa, waɗanda suka fara sare daji. Su ne masu ƙasa, manyansu kuwa su ne Sarauniya ta Lugu da Baura na Bagaji. Na biyu su ne Arawa, zuriyar Ari, wani ɗan sarkin Barno wanda ya sauka a Bagaji, aka ba shi mata, ta haifa masa ɗa mai suna Akazama. Daga Akazama sarautar Sarkin Arewa ta fito. Sarki shi ke da doki da yaƙi. Sarauniya da Baura su ke da sha'anin ƙasa, da na damina, da al'adun kakanni.

SARAUTAR LUGU

An ce Sarauniya ta fari, 'Yar Ƙasa, daga Daura ta fito, ta zo ta zauna a Lugu. Tun daga ita sarautar ba ta fita daga hannun mata ba. Ba a nemanta da kuɗi, ba a cinta da takobi. Idan Sarauniya ta rasu, sai a ɗora gawarta a makara, masu ɗauka su yi ta zagawa har makarar ta tsaya gaban wata mace. Mutanen Lugu suna cewa marigayiyar ce ta nuna magajiyarta. Sunan wannan al'ada tarkama. Mangu ɗaya ce daga cikin jerin matan da aka zaɓa ta haka.

Wadda aka zaɓa ta rabu ke nan da irin zaman sauran mata. Tana zaune a bukkarta, sanye da farin zane, tana kaɗin auduga. Ba ta yawo gari gari. Mutane ne su ke zuwa wurinta, wani a kan ruwan sama, wani a kan ciwo, wani a kan rigima. Kusa da Lugu kuma akwai dutsen da a ke kira Tunguma, inda masu jayayya su ke zuwa a raba musu gardama. Mutanen Lugu Azna ne, watau masu riƙe da addinin kakanninsu, Sarauniya kuwa ita ce uwarsu duka.

Mangu ba ta tashi cikin zaman lafiya ba. Tun kafin a haife ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ta da jihadi a 1804, daular Sakkwato ta kafu, Gwandu ta ɗauka ƙasashen yamma nata ne. A 1849 Yakubu Nabame na Kabi ya yi tawaye, Arewa da Zabarma da Dandi suka goyi bayansa. Aka yi shekaru ana gwabzawa, mayaƙan Tibiri a ƙarƙashin Samna suka yi suna cikin yaƙin. Ga Buzaye kuma suna kawo hari daga arewa. Mutanen Lugu suka saba da dabara ɗaya. Idan maƙiyi ya fi ƙarfinsu a fili, sai su shige kurmin ƙaya da ke kusa da garin, inda doki ba ya iya shiga. Cikin irin wannan zamani Mangu ta girma, ta hau sarauta, har ta tsufa.

ABIN DA A KE ƘULLAWA A TURAI

Sa'ad da Mangu ta ke zaune tana kaɗi, waɗansu mutane a nesa suna raba ƙasarta ba ta sani ba. Daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 wakilan ƙasashe 14 suka zauna a Barlin, babban birnin Jamus, suka shirya yadda za su ci Afirka ba tare da sun yaƙi juna ba. Ba a kira ɗan Afirka ko ɗaya ba.

Faransa tana da Aljeriya a arewa, da Sanagal a yamma, da wani yanki na Kwango a kudu. Burinta shi ne ta haɗa su duka a Tafkin Cadi. Ingila kuwa ta riga ta sa ƙafa a Kwara ta hannun kamfanin ciniki na Goldie, tana cewa dukan ƙasar Sakkwato rabonta ne. Ran 14 ga Yuni, 1898, suka sa hannu a wata takarda a Paris. Suka ce iyaka za ta bi tsakiyar Dallol Mawri, sa'an nan ta zagaye Sakkwato da nisan mil 100, watau wajen kilomita 160. Abin da ke cikin zagayen na Ingila ne, na waje na Faransa. Da haka aka tsaga Arewa gida biyu a takarda, Lugu da ke gabas da kwarin ta faɗa wajen Ingila.

A cikin shekarar kuma sojan Faransa da na Ingila suka yi kiciɓis a Fashoda, a bakin kogin Nilu. Saura kaɗan ƙasashen biyu su shiga yaƙi. A ƙarshe Faransa ta janye da kunya, wannan kuwa ya ƙara mata ƙwazo a kan Cadi.

Amma ga wahala. Hanyar da takardar ta bar wa Faransa ta bi ta busasshiyar ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi. Ruwa da hatsi suna cikin zagayen da aka ba Ingila.

RUNDUNAR VOULET

Mutumin da aka ba aikin zuwa Cadi shi ne Kyaftin Paul Voulet, mai shekara 32. Mataimakinsa Kyaftin Julien Chanoine, ɗan wani janar wanda ya riƙe ministan yaƙi na Faransa a 1898. Su biyun nan ne suka ci Wagadugu a 1896, an kuwa san su da rashin tausayi tun a can.

Gwamnati ba ta ba su isasshen guzuri ba. Ma'anar wannan ita ce za su ci daga rumbunan talakawa. Turawa 9 ne cikin tafiyar, da sojoji baƙar fata ɗaruruwa, da igwa ɗaya, da masu dako wajen 800 waɗanda aka kamo da ƙarfi, yawancinsu daga ƙasar Mosi. Da matan da su ke kamawa a hanya, taron ya kai wajen mutum 2,000, ban da dawaki da shanu.

Ka duba, mai karatu. Rijiyar da ta ke isar ƙauye guda, in wannan taro ya sauka a kanta, kafin la'asar ta ƙafe. Rumbun da zai ciyar da gida har kaka, cikin dare ɗaya ya tafi. Garin da ya ba su, ya zauna da yunwa. Garin da ya hana, aka sa masa wuta. Ran 8 ga Janairu, 1899, a Sansanin Hausa da ke bakin Kwara, suka kashe mutum 101, har da mata da yara. Mai dakon da ya gaji, a nan bakin hanya a ke gamawa da shi.

RANAR LUGU

Cikin watan Afrilu rundunar ta iso Arewa, ta sauka a Matankari. Afrilu kuwa tsakiyar bazara ne, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, rijiya ta ja. Labarin baƙin ya riga su isowa. Kowane mai gari ya zauna da dattawansa yana auna abin yi. Waɗansu suka ba da hatsi da jagora domin su ceci rayukan mutanensu. Waɗansu suka kwashe iyali suka gudu daji. Kada mu yi saurin zarginsu, gama suna da 'ya'ya, sun kuma ji abin da bindiga ta yi a bakin Kwara.

Sarauniya Mangu ta ƙi. Laftanan Joalland, mai kula da igwar rundunar, ya ba da labarin a littafin da ya buga a 1930. Ya kira ta tsohuwar matsafiya, ya ce ta aika wa Voulet da saƙon raini, ta kuma yi alkawari za ta tare masa hanya. Mayaƙan Azna suka taru a Lugu da Tongana, garin da ke kusa.

Da sassafe ran 16 ga Afrilu Voulet ya nufo su da sojojinsa. Suka tsaya a jere fuska huɗu, yadda sojan Turai su ke yi a fili, suka yi ta sakin wuta gaba ɗaya. Mai baka ba ya iya kusantar irin wannan jeri. Sai Azna suka koma ga dabarar kakanninsu, suka shige kurmi. Nan yaƙi ya sake kama. A cikin sarƙaƙƙiya soja ba ya ganin nesa, bindiga ba ta fi kibiya da yawa ba, kibiyoyin kuwa da dafi. Aka yi ta fama tun safe har rana ta karkata. Bisa ga lissafin Faransawa da kansu, an kashe musu mutum 4, an yi wa 6 rauni, sun kuma ƙone harsashi 7,000 a rana ɗaya. Ga rundunar da ba ta da inda za ta samo wani harsashi, wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Tun tasowarsu ba su gamu da tsayayya irin ta Lugu ba.

Kada mu ƙara wa labarin gishiri. Faransawa ne suka ci ranar. Azna da yawa suka mutu, Lugu ta ƙone, waɗanda suka ragu suka watsu cikin daji. Amma Voulet bai sami abin da ya ke so ba. Bai kama Sarauniya ba, ba ta kuwa durƙusa masa ba. Ya tattara mutanensa ya yi gabas.

ƘARSHEN MASU ZALUNCI

Voulet bai san abin da ke biye da shi ba. Tun a watan Janairu ya yi faɗa da wani hafsansa, Laftanan Péteau, ya kore shi. Péteau ya rubuta wa budurwarsa a Faransa wasiƙa, ya zayyana kashe-kashen da a ke yi. Wasiƙar ta kai hannun wani ɗan majalisa, daga nan ta kai ga gwamnati. Ran 20 ga Afrilu, kwana huɗu kacal bayan yaƙin Lugu, aka ba da umurni daga Paris a bi rundunar a binciki al'amarin. Aka aiki Kanar Klobb, mai mulkin Tumbutu, da 'yan sojoji kaɗan.

Kafin ya cim musu ɓarna ta ƙaru. Cikin watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau ba a manta da shi ba. Klobb bai bukaci jagora ba, gama toka da gawawwaki su ne suka nuna masa hanya. Ya ga rijiyoyi cike da matattu, ya ga yara mata a rataye a itace.

Ran 14 ga Yuli, 1899, ya iske Voulet a Dankori, kusa da Tasawa. Voulet ya riga ya aika masa da kashedi kada ya matso. Klobb ya hana sojojinsa harbi, ya yi gaba a kan dokinsa sanye da kayan sarautarsa. Voulet ya sa aka harbe shi. Sa'an nan ya gaya wa 'yan'uwansa Turawa cewa shi ya bar zama Bafaranshe, zai kafa daularsa ta kansa a ƙasar baƙar fata.

Daular ba ta kwana uku ba. Sojojin da ya koya wa kisa suka ji cewa ba za su ƙara ganin gida ba, sai suka juya masa. Ran 16 ga Yuli suka kashe Chanoine, kashegari suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi. Tsakanin ranar Lugu da mutuwarsu wata uku ne.

A Faransa aka yi ta surutu a jaridu, amma ba a daɗe ba aka yi shiru. A 1902 aka rufe binciken, aka ce zafin rana ne ya taɓa hankalin hafsoshin biyu. Mutanen Lugu da na Ƙonni, ba wanda ya tambaye su shaida.

ƘASA TA SAKE HANNU

Mutuwar Voulet ba ta tsai da Faransa ba. Sauran rundunar suka ci Damagaram a ƙarshen watan Yuli, daga baya Joalland da Laftanan Meynier suka ja su zuwa Cadi. Ran 22 ga Afrilu, 1900, rundunoni uku na Faransa, daga Aljeriya da Kwango da Kwara, suka haɗu suka kashe Rabe a Kuseri. Burin Cadi ya cika. A kudu kuma Ingilishi a ƙarƙashin Lugga suka ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli.

Sa'an nan siyasar Turai ta juya. Ƙarfin Jamus yana ƙaruwa, Ingila da Faransa suka ga gara su shirya. Ran 8 ga Afrilu, 1904, suka yi yarjejeniyar abuta. Faransa ta bar wa Ingila Masar, Ingila ta bar wa Faransa Maroko. Akwai kuma wani tsohon haƙƙin kamun kifi da Faransa ta ke da shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can wajen Kanada. Faransa ta saki wannan haƙƙi, aka biya ta da ƙasa a Afirka. Cikin abin da aka ba ta har da gyaran iyakar nan ta Sakkwato, domin ta sami hanya mai ruwa daga Kwara zuwa Damagaram. A 1906 aka tabbatar da sabuwar iyakar, daga baya hafsoshin ƙasashen biyu suka bi suna kafa alamu.

Ta haka Lugu da Matankari da Dogon Dutsi da Ƙonni suka zama na Faransa. Ka ji abin mamaki. Manomin Arewa wanda bai taɓa ganin teku ba, an yi musayar gonarsa da kifin teku. Saboda takardar nan ne yaron Dogon Dutsi ya koyi Faransanci a makaranta, ɗan'uwansa na Kangiwa da Argungu ya koyi Turancin Ingilishi, alhali kakansu ɗaya.

KWANAKINTA NA ƘARSHE

Bayan rundunar ta wuce, mutanen Lugu suka komo kaɗan kaɗan, suka sake kafa bukkoki a kan toka. Sarauniya ta koma mazauninta, ta ci gaba da aikinta kamar da. Amma duniya ta sake. Faransawa suka riƙe sarakuna maza domin su tara musu haraji, wanda mutanen Nijar su ke kira lanho, su kuma ba da mutanen aikin dole. Aka mai da mazaunin Sarkin Arewa daga Matankari zuwa Dogon Dutsi. Sarautar mace mai zama a bukka ba ta da wuri cikin littafin kumandan. Waɗanda suka sake ɗaga kai, kamar mutanen Kobkitanda a ƙasar Doso da na Satiru kusa da Sakkwato a 1906, aka murƙushe su.

Mangu ta rasu a Lugu cikin shekarun farko na mulkin Faransawa. Aka ɗauki makararta, aka zaɓi wata a bayanta. Sarautar ta wuce zamanin Faransawa, wanda ya ƙare ran 3 ga Agusta, 1960, aka kuma ci gaba da naɗa Sarauniya a Lugu har cikin wannan ƙarni.

Shekaru da yawa sunanta bai wuce Arewa ba. A 1980 Abdullahi Mamani, marubuci ɗan Nijar, ya buga littafin ƙagaggen labari a kanta da Faransanci. A 1986 Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin majigi, wanda ya ci babbar kyauta a bikin majigin Afirka na Wagadugu a 1987. Daga nan duniya ta san ta. Aka sa wa wata babbar makaranta a Doso sunanta. Littafin da majigin sun nuna ta jaruma mai jan mayaƙa da makami a hannu. Dattawan Lugu kuwa dattijuwa su ke tunawa, mai zama wuri ɗaya, wadda maganarta ta isa ta sa maza su tsaya.

ABIN TUNANI

Mai karatu, mai lissafin riba zai ce Sarauniya ta yi hasara. Garinta ya ƙone, mutanenta sun mutu, ƙasar kuma ta tafi duk da haka. Gaskiya ne, ba kuwa daidai ba ne a yi waƙar yabo a manta da matan da suka rasa mazajensu a kurmin nan.

Amma sai ka auna da ɗayan gefen. Voulet yana da igwa da harsashi da takardar izini daga gwamnati. Ya ɗauka ba mai ganinsa a cikin daji, ba mai tambayarsa. Wasiƙa ɗaya ta tona shi, hannun da ya koya wa zub da jini shi ya zub da nasa. Abin da mutum ya shuka shi ya kan girba, ko da babu alƙali a kusa. Yau in an ambaci sunansa a ƙasar Hausa, da baƙin ciki a ke ambatonsa. Tsohuwar da ya rena kuwa, yara suna shiga makaranta mai sunanta kowace safiya.

Ba kowa ne zai ga runduna a ƙofar garinsa ba. Amma kowa ya kan gamu da ranar da mai ƙarfi zai ce masa ya ba da hannu a cuci wani, ko ya yi shiru a kan abin da idonsa ya gani. Wani a kasuwa, wani a ofis, wani a cikin gidansa. Ƙin yarda yana da tsada, Lugu ta biya. Ba da hannu kuma yana da tasa tsadar, sojojin Voulet sun ɗanɗana. In ranar ta zo maka, wace tsada za ka zaɓa ka biya?